Sojojin da Maigidana Ya Tsinta a Gwanjo

Ranar da gwaggonnina suka dawo daga jere a Wagini, babbarsu ko mayafi ba ta cire ba ta ja Inna ɗaki. Ina bayan ƙofa ina ji. Ta ce ɗaki lafiya lau, an yi siminti, an sa silin, amma akwai magana: yaron nan da za a ba ni gumaka yake ajewa. Da idonta ta gan su jere a kan kanta, ƙanana ƙanana, wasu da bindiga, ɗaya ma kansa na damo ne.

Ni na san mutumin da zan aura, ko in ce ina zaton na san shi. Gwanjo yake sayarwa. Yana cin kasuwar Batsari da ta Safana, in ya taso kuma ya biyo ta garinmu Tsaskiya da ragowar kaya a bayan babur. A ƙofar gidanmu muka fara haɗuwa, ina taya ƙanena zaɓen wando. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya wasa da salla, kuma bai taɓa yi mani zancen wasu gumaka ba. Da ya zo da yamma na tambaye shi kai tsaye.

Sai ya sunkuyar da kai yana dariya, kunya ta kama shi.

"Kayan wasan yara ne fa," in ji shi. "Na roba. Na so in gaya maki, tsoro nake ki ce ba ni da hankali."

"To kai yaro ne?"

"Ki bari ki gan su tukuna."

Ya turo ƙanwarsa ta zo ta yi wa Inna bayani, magana ta mutu, aka yi biki.

Kwana kaɗan da tarewata ya sauko mani da su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan tabarma. Kowane bai wuce tsawon tafin hannu ba. Hannuwansu da ƙafafunsu suna lanƙwasuwa, kawunansu suna juyawa. Akwai masu sulke launin toka, akwai wata mace mai gajeren gashi da tabarau a goshi, akwai wani ƙarfe-ƙarfe mai ido ɗaya, da kumbo biyu irin na 'yan sama jannati, ɗaya ya rasa fiffike. Ya ce na farko a aljihun rigar sanyin wani yaro ya tsince shi, ranar da ya fasa dilarsa ta farko. Ya ɗauko shi ya ɗora mani a hannu. Wani dattijo ne mai farin gemu, da sulke ruwan zinare da shuɗiyar alkyabba ta ƙyalle. Fuskarsa a sake, kamar ta limamin da ya gama raba gardama.

"Na so in ba yaran maƙwabta," in ji shi, "sai na kasa. Ki duba aikin da aka yi wa yatsunsa. Har farce."

Bayan wata da watanni ya sake tsintar wani a ƙasan buhun takalma. Da ya juya shi sai ya ga tambarin da ke tafin ƙafarsa iri ɗaya ne da na dattijon, taurari uku a cikin zobe. A nan ya gane 'yan gida ɗaya ne. Daga ranar, duk sa'ad da ya je Katsina saro kaya sai ya ratsa ta wurin masu gwanjon kayan wasa, ya tsuguna yana tona tsibi yana duba tafin ƙafa. In babu tambarin ba ya ɗauka, komai kyan abu.

Mahaifinsa ma ya taɓa ɗaga magana a kai, kafin zuwana. Ya kai ɗaya wurin limamin unguwa. Liman ya jujjuya shi, ya ce kayan wasan yara an yi rangwame a kansu, amma shi mai su ya wuce shekarun wasa, don haka kada ya aje su a inda yake salla. Shi ya sa maigidana nafila a zaure yake yin ta. Kantar kuma aka rataya mata ɗan labule.

Ban san lokacin da na shiga ciki ba. Na fara da wanke su ne kawai, don duk sun yi dauɗa a gaɓoɓi. Na jiƙa su a ruwan omo, na bi su da tsohon buroshin haƙori, na shanya a kan faranti. Da ya dawo ya gan su suna ƙyalli sai ya tsaya bakin ƙofa yana ta kallon su. Daga baya ranar fasa dila ta zama tamu mu biyu. Shi yana ware na manya da na yara, ni ina bin aljihuna. Yawanci tarkace ne, takardar da ta dagargaje ko alawar da ta narke. Amma sau ɗaya na zaro wata 'yar bindiga da ba ta kai tsinken ashana ba, muka gwada ta a hannun matar nan mai tabarau, ta zauna daram. Yinin ranar yana murna kamar an yi mashi haihuwa.

Ya san daga fim suka fito, wani mai sayar da su ya gaya mashi, amma bai taɓa ganin fim ɗin ba, bai ma san sunansa ba. Don haka shi ya raba masu matsayi da kansa. Dattijo shi ne shugaba, yana tsakiya a sahun gaba. Masu sulken toka dogarawansa ne. Shi kuwa mai kan damo, mai hannuwa huɗu da haƙora waje, can baya yake a kusurwa, don shi ne mugun. In ciniki ya yi kyau sai ya ce yau Dattijo ya ci yaƙi. In an yi kwantai ya ce mai kan damo ya tare hanya. Abokan kasuwarsa sun sani, suna ce mashi mai 'yar tsana. Ba ya jin haushi. Wani lokaci ma su suke kawo mashi in sun tsinta.

Muna da 'ya'ya biyu lokacin da hanyoyinmu suka lalace. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ya zauna yankin nan ya san abin da aka gani. In ya fita kasuwa ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar baburinsa. Abin da ya fi komai ci mana rai shi ne sanin cewa waɗanda suke shigowa daga daji ba su san gidan kowa ba, sai an nuna masu. Wani a cikin gari, wanda kuke gaisawa, kuke sahu ɗaya a masallaci, shi ke gaya masu wane ya sayar da bijimi, wane ya kai wake kasuwa. Kalmar infoma ta zama zagin da ya fi kowane zagi. Maigidana ya rasa abokinsa na ƙuruciya ta wannan hanya, kuma har yau ba mu san wanda ya nuna shi ba.

A cikin wannan hali ya fara tafiya da Dattijo a aljihun gaba. Na tambaye shi ko laya ya mai da shi, ya ce a'uzubillahi, tsari na Allah ne. Kawai in ya zauna jiran mai saye yana ɗebe mashi kewa.

A kasuwar Safana wani ɗan bautar ƙasa, mutumin kudu da ke koyarwa a wata makaranta, ya zo sayen riga ya hango kan Dattijo ya leƙo daga aljihu. Ya yi ihu, ya kama hannun maigidana, ya faɗi sunan fim ɗin. Hausarsa ba ta nuna ba, amma sun fahimci juna. Kasuwa ta gaba ya kawo mashi kashi na farko na fim ɗin a memorin waya.

Ranar da muka kalla an tashi da ruwan sama, babu gona babu kasuwa. Bayan azahar ya jingina waya a jikin filas, ya janye labulen kanta, wai su ma su gani. Yara suka zauna a cinyarmu. Da Turanci ake magana, shi kuma allo kawai ya yi, don haka ni da na gama sakandare na zama tafinta. Ba duka nake kamawa ba, suna sauri, amma ina tsintar abin da ya samu.

Da kumbon ya keto ta cikin taurari sai da ya miƙe tsaye. "Ga namu! Da fiffikensa biyu!" Matar nan mai tabarau ashe ita ke tuƙa shi. Can sai ga Dattijo ya fito, da alkyabbarsa, jama'ar duniyarsu suna zubewa suna gaishe shi. Maigidana ya dube ni yana murmushi, irin na ai na gaya maki.

Wajen tsakiyar fim aka nuno Dattijo shi kaɗai a wani ɗaki, yana magana da wata fuska a jikin gilashi. Muryarsa a hankali, fuskarsa a sake kamar kullum. Na ji abin da ya faɗa sarai, don a nan ba su yi sauri ba. Yana gaya wa abokan gaba ƙofar da ba a gadi, da lokacin da mutanensa za su taru wuri ɗaya.

"Me ya ce?" in ji maigidana.

Na yi kamar ina gyara wa ƙaramar zama.

"Ke nake tambaya. Addu'a yake yi?"

Na dube shi. Zan iya ce mashi ban ji ba, amma ko na ɓoye fim ɗin ba zai ɓoye ba.

"Maigida, hanya yake nuna masu."

"Su wa?"

"Waɗanda za su kawo hari."

"A'a. Dabara ce. Tarko yake ɗana masu, ki bari ki gani."

Muka bari muka gani. Aka ƙone garin. Masu sulken toka suka juya bindigoginsu kan jama'a. Wanda ya shiga cikin wuta yana kwaso yara, bibbiyu a hannuwansa huɗu, shi ne mai kan damo. Ashe likitan kumbon ne. Ya koma ɗauko na ƙarshe rufi ya faɗo mashi.

Da rubutun ƙarshen fim ya fara hawa sai maigidana ya miƙe. Ya zare memorin, ya sa takalmi ya fita cikin yayyafi, wai zai duba akuya.

Na yi zaton kwana ɗaya zai huce. Sai ga shi ya ɗauki kwanaki ba ya ɗaga labulen. Dattijo na tsince shi a cikin kwandon wanki, a aljihun rigar da ya cire. Na aje shi cikin kwanon da nake zuba zare da allura. Wata safiya yana shan kunu sai ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Shekara nawa ina yawo da infoma a ƙirjina."

Da wani ne ya faɗa da na yi dariya. Amma na san ba robar yake nufi ba. Abokinsa yake tunani, da duk fuskokin da yake gaisawa da su a hanya yana tambayar zuciyarsa ko wannan ne.

"Ai ba kai kaɗai ya ruɗa ba," na ce. "Mutanen garinsu ma da suka san shi sun zube mashi."

"Shi kuma wancan bawan Allah na sa shi kusurwa saboda muninsa."

"To fito da shi. Yana nan inda ka bar shi."

Ranar bai fito da shi ba. Sai bayan kwana biyu na ga labule a buɗe, mai kan damo yana sahun gaba, an goge shi har tsakanin haƙora.

Da kasuwar Safana ta zagayo ya nemi ɗan bautar ƙasan nan. Shi ya ba ni labari da ya dawo. Yaron ya ce akwai sauran kashi da yawa, zai kawo mashi duka. Maigidana ya ce abu ɗaya yake son sani kafin nan: dattijon ya tuba daga baya? Yaron ya yi ta kame-kame, don ya ga yadda fuskarsa take, a ƙarshe dai ya ce a'a, har ya mutu bai tuba ba. Maigidana ya yi mashi godiya, ya ƙara mashi safa a kan rigar da ya saya, ya ce ya bar sauran, wannan ɗin ya ishe shi.

Da ya gama ba ni labarin ya ce, "Ina kika sa shi?"

Na ɗauko kwanon zare na miƙa mashi. Ya daɗe yana kallon fuskar nan mai farin gemu. Ya gyara mashi alkyabba da ta tattare.

"Wanda ya ƙera shi dai ya iya aiki," in ji shi. Sai ya miƙa wa babban ɗanmu, wanda ya daɗe yana roƙon a ba shi ɗaya ana hana shi. Yaron ya fita da gudu. Kafin la'asar na hango shi da abokansa a bakin rariya, sun ɗaura wa Dattijo igiya a ƙugu, yana ja masu amalanken kara cike da yashi.

Bayan shekara muka komo cikin garin Batsari, kamar yadda da yawa suka yi. Har yanzu gwanjo yake sayarwa, har yanzu in ya je Katsina sai ya tsuguna a tsibin kayan wasa. A watan jiya ya kawo wata mai fuskar mage da doguwar sanda, wadda ba mu gani a fim ɗin ba. Ƙaramarmu ta tambaye shi ko ta kirki ce ko muguwa.

"Ban sani ba tukuna," ya ce mata. "Jeki kawo ruwa a wanke ta."