Gayyar Ɗakin Karatu

Da na gama lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, ba a ba ni aiki kai tsaye ba. An maido ni garinmu, Dogon Dutsi, a matsayin ɗan koyon aiki a biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, wai sai an ga kamun ludayina kafin a tabbatar da ni. Aikin da aka ɗora mini shi ne gina ɗakin karatu, inda kowa zai iya shiga ya ɗauki littafi. Murna ta cika ni, ina tafiya ina sauraren ƙarar sabon takalmina.

A tsaye kumandan ya yi mini bayani. Abin da gwamnati ta ware na kwanon rufi ne da ƙofofi. Bango kuwa mutanen gari za su tayar da shi da hannunsu, kyauta. In ya tashi kafin damina na zama ma'aikaci, in bai tashi ba akwai wasu samari suna jiran gurbin. Na roƙi ko gero a ba ni in yi wa maginan fura, ya ce babu fura a cikin tsari. Sai ya sa gardi, wato ɗan sandan biro, ya zagaya gari tare da mai shela.

Har yau in na tuna wannan wauta raina ɓaci yake yi. Ba a daɗe da soke aikin tilas ba, kuma da wannan gardin da wannan shelar ake kwasar maza a kai su fasa dutse a hanya. Washegari na tsaya a filin da aka auna, daga ni sai igiya da turaku. Maza duk sun tuna suna da dangi a Kore Mairuwa da suka daɗe ba su gaisar ba.

A gidanmu mu biyu ne maza. Shekarar da aka zo neman yara, ni aka kai lakwal, wana kuma aikin hanya ya faɗa kansa. Ya dawo da tari a ƙirji wanda bai taɓa barinsa ba. Mushe yake ce mini don tsokana, kamar yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, mi ya hana ka cin tuwo?" ya tambaye ni da yammar nan.

"Yaya, ko mutum guda bai zo ba."

Ya yi dariya har tarin ya taso. "To wa ka gayyata? Kai kira ka yi, irin nasu. Bar mini."

Da safe ya shiga gari gida-gida, yana durƙusa wa manya, yana cewa ƙanensa ne ke gini, a taimake shi. Bai ambaci kumandan ba ko sau ɗaya. Ya buɗe rumbunsa, matarsa da maƙwabta suka yi ta daka. Waɗanda suka gudu suka dawo, har da makaɗi. Aka kwaɓa ƙasa, aka buga tubali, ana yi ana yi mini ba'a wai hannuna ya fi na amarya taushi. Kafin hadarin fari bango ya kai inda ake so.

Amma gayya ba ta ƙarewa ranar da aka yi ta. Duk wanda ya zo taka, sai ka je tasa. Na ce, "Yaya, wa zai rama wannan duka?"

"Wanda ya kira ta mana," in ji shi.

Ruwa ya sauka, noma ya kankama. Yau wana yana gonar wannan, gobe yana ta wancan, tasa kuma ciyawa ta cinye ta. Na nemi izini a biro in tafi a madadinsa, aka ce akwatunan littattafai sun iso, wa zai jera su? Na same shi na yi masa faɗa sosai, na ce ginin gwamnati ne, babu wanda zai zarge shi in ya zauna. Ya ce shi da bakinsa ya roƙa, ba gwamnati ba. Na fita ina huci, don na san ba zan iya juya shi ba.

Ranar da aka buɗe ɗakin, kumandan ya yaba wa mutanen gari da suka yi aiki bisa son ransu, aka tafa. A lokacin wana yana wata gona ta hanyar Kiyeshe. Bai taɓa ganin ɗakin da rufi a kansa ba. Gero bai kai ga fitar da kai ba ya faɗi a tsakiyar kunya, aka kawo shi gida bisa jaki, jini a gaban rigarsa. Bai yi mako ba ya rasu. A watan ne aka tabbatar da ni a aiki, kuma ban taɓa jin daɗin wannan labari ba.

Bayan addu'ar bakwai na tambayi matarsa ko akwai gonar da ta rage. Ta ce saura ta wani dattijo a bayan dutse. Na tuɓe kakin biro, na saɓa hauya na tafi.

Dattijon ya tare ni tun daga bakin gona. Na ce na zo rama gayyar wana.

"An yahe, Mushe," ya ce. "Gayya tashi ce, ta bi shi. Allah shi jiƙan shi."

Na ce don Allah ya bar ni in yi ko kunya ɗaya. Na yi ta roƙo, ban damu da 'ya'yansa suna kallo ba. Bai yi gardama da ni ba. A hankali ya zare hauyar daga hannuna, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka kawo mini fura a sabuwar ƙwarya, irin wadda ake ba baƙo. Na zauna a nan ina kuka, su kuma suka koma nomansu.