Sunan da Kaka Ba Ta Taɓa Kira Ba

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris na shekarar 2020, Baba ya fito falo da farar riga, ya ɗaura taye a wuya, ƙasa kuwa gajeren wandon zaman gida ne. Mama ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baban Rahila, Allah fa ba malaminka na jami'a ba ne da zai tsaya kallonka a kwamfuta daga ƙugu zuwa sama." Ya koma ɗaki sumui-sumui ya sako dogon wando, ni da ƙanwata Salomi muna danne dariya har cikinmu na ciwo. An hana fita a duk faɗin Kuala Lumpur saboda korona, an rufe coci, aka ba magidanta izinin yin jibin Ubangiji a gidajensu. Mama ta lulluɓe teburin cin abinci da farin ƙyalle, aka gutsuttsura burodi a faranti, aka zuba ruwa a 'yan kofunan maganin tari don su kaɗai ne ƙanana a gidan. Daga tagarmu a Pantai Dalam muna hango jirgin ƙasa yana wucewa fayau, ba kowa ciki. Sai da aka yi amin Baba ya gyara murya ya faɗa mini abin da na riga na sani amma nake ƙin ji, wato an fasa tafiya Haikali sai abin da hali ya yi.

Mu 'yan cocin nan ne da mutane ke kira Mormon. Baba ya shiga tun yana saurayi a Kaduna, karatun digiri na uku kuma ya kawo mu Maleshiya ina 'yar mitsitsiya. A wurinmu coci daban, Haikali daban. Coci ta kowace Lahadi ce, kowa na iya shiga, Haikali kuwa sai an shirya, an tsarkake zuciya, an samu izini. Babu ko ɗaya a Maleshiya, sai an hau jirgi zuwa Manila. Idan shekarar da yaro zai cika sha biyu ta kama, yana iya zuwa a yi masa baftisma a madadin 'yan uwansa da suka mutu ba su samu ba. Shekarata ce ta kama, Mama har ta sayo yadi a Jalan Masjid India bayan ta kusa sa mai shagon kuka da ciniki, ta ɗinka mini rigar tafiya. Ranar nan na yi kuka har da shessheƙa, na ce an cuce ni. Baba ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To, riga kam kin shirya. Wa za ki kai?" Ashe ni jirgin sama kawai nake ta lissafi.

Haka shirin ya soma a cikin ɗakuna biyu da falo. Da asuba mu yi addu'a, mu karanta nassi bi da bi, Salomi na gyangyaɗi a kafaɗar Mama. Daga nan ni ce da shara da goge daɓe da shanya a ƙarfen baranda, inda iska ta taɓa kwashe mini siket ta kai shi kan rufin wani kedai, shagon unguwa, ya kwana biyu can yana kaɗawa. Makaranta ta koma cikin waya, malama na magana ina tsince wake a tire. Da yamma mu yi langa daga ƙofar kicin zuwa ƙofar wanka, mu yi 'yar carafke da tsakuwar tukunyar fulawa, har sai makcik, wato dattijuwar da ke zaune a ƙasanmu, ta ƙwanƙwasa silinta da sandar tsintsiya. Baba kaɗai ke fita cefane, ya dawo Mama ta tare shi a bakin ƙofa da sabulu kamar wanda ya faɗa kwata. Duk abin da na yi, shiri ne. In na mari Salomi, Mama ta ce, "Da wannan hannun za ki Haikali?" In na ce na wanke tukunya alhali jiƙa ta kawai na yi, a ce da wannan bakin. Kai, na sha wa'azi a shekarar nan!

Wadda zan kai kuwa, Baba ne ya gaya mini ita. Yana da yaya, 'yar farin Kaka, wadda ta rasu tana budurwa a ƙauye tun kafin a haife shi, tun kafin gidansu su san coci. Matsalar ita ce ba wanda ya san sunanta. Kaka mace ce ta dā, ba ta kiran sunan 'yar fari, tana raye ma ba ta kira ba balle ta mutu. Kakanmu namiji ya daɗe da rasuwa, tsofaffin ƙauyen sun ƙare, Gwaggo Saratu da Kaka ke zaune wurinta a Zariya tana goye aka yi rasuwar, Yaya kawai ta tashi ta ji ana cewa. Ga shi ba a yi wa mutum baftisma a Haikali ba suna, kuma ƙa'ida ce sai makusancin mamaci ya yarda. Sunan da yardar duk suna bakin tsohuwa ɗaya, wadda ta haura tamanin, a lokacin da cuta ke ɗauke tsofaffi. Ko da ƙuruciyata na gane cewa in Kaka ta tafi da sunan nan, ya tafi ke nan.

Na ce ai abu mai sauƙi ne, jika ce ni, tsakanina da Kaka wasa ne. Idan la'asar ta yi a wurinmu, su hantsi ne, sai Gwaggo ta riƙe mata waya mu ga juna. Hausata a lokacin abin tausayi ce, rabi Turanci rabi Malayanci, Kaka kuwa ba ta raga mini. Sai ta ce, "Wace ce wannan mai magana kamar ta cika baki da ɗanwake?" Ta tsokane ni da cocinmu, wai wane irin addini ne wannan da ba a shan shayi, ita da za a hana ta shayin safe da tuni ta yi ridda. Na bi ta da dabara iri-iri. Na ce ta lissafo mini 'ya'yanta daga babba, ta fara daga na biyu. Na ce aikin makaranta ne, ta ce a gaida malamar. Na ce zan riƙa jero sunaye, in na faɗi daidai ta yi tari. Na jero Ladi da Jummai da Asabe da Kande, tsohuwar nan ta yi ta tari a kan kowanne har Gwaggo ta tsorata ta ce ko cutar ce. Da na matsa ƙwarai sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Ke 'yar Maleshiya, ba ki da kunya ne? A ina kika ga uwa ta kama sunan 'yar fari?" Ranar na ajiye wayar da fushi, na ce wa Baba ya yi mata magana da kansa. Ya ce shi? Ko kallon idonta ba ya iya yi a kan wannan zance.

Mama ce ta gyara mini hanya, muna tsaye a kicin tana tuƙa tuwon semo. Ta ce in daina bin tsohuwa kamar mai karɓar haraji, mutum zan kai Haikali, ba suna ba, in tambaye ta wace ce yarinyar. Washegari na ce, "Kaka, ita Yaya ɗin doguwa ce ko gajeriya?" Sai ta ce doguwa ce, siririya, da wushirya. Ashe ƙofar ke nan. Daga ranar kusan kullum sai na samu sabon labari. Bahaguwa ce, an yi dukan duniya ta ƙi sauya hannu. Tana iya ɗauko tulu daga rafi ba ta riƙe ba, amma in zakara ya taso sai ta haye rumbu tana ihu. In tana niƙa tana waƙa maƙwabta kan tsaya a bakin danga. Ta taɓa sayar da gyaɗar uwarta ta sayi 'yan kunne, ta sha dukan mutuwa, da daddare kuma ta sa su ta kwana da su. Kaka na ba da labari tana dariya, tana cewa yarinyar nan, yarinyar nan. Gwaggo Saratu da ke riƙe da wayar sai ta kasa kunne, don ita ma a lokacin ta fara jin labarin yayarta. Ni kuwa a nan Hausata ta miƙe, domin Kaka ba ta maimaita magana, in ban gane ba na yi asara.

Sai da muka shiga shekara ta biyu, an buɗe gari an sake rufewa, sannan ta ba ni labarin ƙarshen. Sanƙarau ne ya ɗauke ta da bazara, kwana kaɗan. Bayan shekaru bishara ta iso gidansu, aka yi wa Kaka baftisma a rafi, a cocinsu ta can. Ta ce da aka ɗago ta daga ruwa mata na guɗa, ita kuwa waige-waige take, tana cewa a ranta ita ta shiga, yarinyar fa? Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko mijinta. Na bayyana mata yadda muka gaskata, cewa ni zan shiga ruwa a madadinta, ita kuma a can inda take tana da zaɓi, ta karɓa ko ta ƙi. Kaka ta ce ita ba ta san wannan karatu namu ba, amma ba ta gardama da alheri. Lahadin farko ta watan da ya biyo, ranar azuminmu, na yi azumina na farko cikakke. Da can rabi nake yi in lallaɓa kicin. Ban roƙi a buɗe iyaka ba, ban ma roƙi sunan ba, na roƙa wa Kaka sanyin zuciya ne kawai, don tausayinta ya kama ni sosai.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar ana tsuga ruwan nan na Kuala Lumpur, Gwaggo ta kira ta ce Kaka na nemana. Na ji tsohuwar na cewa ta jingina wayar ta ba ta wuri. Aka jingina ta da turmi a karkace, haɓar Kaka kawai nake gani da reshen dalbejiya. Ta ce, "A gidan ibadar nan naku, a zuci ake kiran sunan ko da ƙarfi?" Na ce da ƙarfi, Kaka, kowa na ji. Sai na ga ta juya, ba wajen wayar ba, wajen ƙofar gida, ta ɗaga murya kamar mai kiran yarinyar da ta daɗe a wurin wasa.

"Tabawa!"

Baba da ke ɗaki ya fito da takardunsa a hannu ya tsaya kamar an dasa shi. Kaka ta toshe baki da hannu biyu, sai kuma ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "Wayyo ni, yau na zubar da kunyata a gaban jika! To na ba ki ita, ki kai ta. Amma ki sani tana da gardama irin taki." Na yi tsalle na yi ihu na rungume Mama da hannunta duk kumfa, Salomi na tsalle ba ta ma san dalili ba, makcik na ta ƙwanƙwasa silin ba wanda ya kula ta. Baba ya zauna a ƙasa yana ta maimaita sunan a hankali. Bayan mako guda Gwaggo ta kira tana ƙorafi, wai mun jawo mata aiki, tsohuwa ta ƙi yin shiru, Tabawa kaza, Tabawa kaza, har masu tallar nono sai ta tsayar ta ba su labari.

Ba mu samu tafiya ba sai a 2022, bayan an buɗe iyaka. Rigar da Mama ta ɗinka ta ɗage mini har gwiwa, Salomi ta gaje ta tana yanga. Shugaban reshen cocinmu ya yi mini tambayoyin izini, ya ce na shirya? Na ce na shirya, kuma a karon nan na san abin da nake nufi. Kafin mu tashi Kaka ta yi ta horar da ni, wai in koya wa mutanen can faɗin sunan da kyau, kada su murɗe shi yarinya ta ƙi waigowa. A bakin ruwan Haikali, cikin fararen kaya, da takunkumi a fuskokin masu jira, na sa saurayin da zai yi baftismar ya maimaita sau da yawa har ya iya. Da ya ɗaga hannu ya kira ta, muryarsa ta cika ɗakin, na nutse ina murmushi har na sha ruwa. Da na kira Zariya, Kaka ba ta tambayi jirgi ko ginin ba. Cewa ta yi, "An kira ta da kyau?" Na ce da kyau, Kaka. Ta ce, "To, madalla. Yau zan yi barci."

Yanzu mun dawo gida, Kaka ta rasu, ina jami'a, Haikali kuma ba ya mini nisa kamar dā. Sunaye a waya ake nemo su, ka latsa su fito rututu, ka shiga ruwa ka fito ba ka san ko mai sunan doguwa ce ko gajeriya ba. Ba na kushe wannan, alheri ne. Amma nakan yi kewar falon nan mai zafi, da wayar da ke yankewa, da tsohuwar da ta sa na yi shekara ina jiran suna guda. Da an buɗe ƙofa a kan lokaci, da na je hannu rabbana, Kaka kuma da ta tafi ba ta taɓa kiran 'yarta ba.