Tumatirin da na rataye kai-ƙasa a Sharada

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, na yi wani karambani da har yau nake jin kunyarsa.

Mahaifiyata tana da irin tumatir na gida, wanda marigayi mahaifina ya riƙa nomawa a bakin kogin Challawa. Shekara biyu a jere in ta yafa, da ya tsiro sai funfuna ta kama gindinsa, ya ruɓe ya kwanta. Abin da ya rage bai cika cokali ba, a ƙulle cikin tsumma.

Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya. Na gani a waya cewa masana na gwada tsiron tumatir a sararin samaniya, inda ƙasa ba ta jan abu da ƙarfi, wai su ga ko juriyarsa ga wannan cuta za ta sauya. Ban ma karanta ƙarshen ba. Na ce ai in na rataye shi kai-ƙasa, na gama da jan ƙasa ke nan.

"Inna, ku ba ni irin nan, na samo dabara."

"Duka?"

"Duka mana. Turawa ma haka suke yi."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo.

Na shuka, ya fito gwanin sha'awa. Na kwaso bokitai shida daga waɗanda inji ya lalata, na huda gindinsu, na raba tsiron duka na zura ta ƙasa, na rataye a bayan sito. Daga nan hankalina ya bar kan aiki. Hutun azahar ina can, la'asar ina can, ko fitsari na nemi izini can nake nufa. Duk zuwa kuma sai na ƙara ruwa.

Abokina da muke inji ɗaya ya leƙo ya ce, "Malam masani, ga shi nan yana lanƙwasowa sama. Bai yarda da iliminka ba."

Gaskiyarsa. Ruwan da nake ta zubawa kuma yana bin karan yana ɗiga, bai taɓa bushewa ba. Cikin kwana tara gindin ya yi baƙi. Na ɗauke su na kai rana, na mayar inuwa, na barbaɗa toka. Duk shidan suka mutu.

Sati biyu ina kauce wa gidanmu. Ranar da na shiga, ban gama gaisuwa ba ta ce, "Ɗan nan, ya yi fure?"

Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ka bar min ko ƙwaya biyar." Ta tashi ta ɗora ruwan tuwo.

Yanzu nakan karanta abu har ƙarshe, kuma ba na gwaji da abin da babu madadinsa. Amma ciwon bai tafi ba. Duk kaka ni ke sayo mata irin kanti na cikin leda, ta shuka, ya yi 'ya'ya jajir. Takan ɗanɗana miyar ta ce, "Ba laifi." Ba ta taɓa ajiye irinsa ba.