Furar da Aka Hana Kaka

Kawuna bakanike ne a unguwar Suame ta Kumasi, kuma ya taɓa ajiye biri ɗaure da sarƙa a bakin gareji. Abin da kawu ya ci, shi birin ke ci: burodi, shayi mai zaƙi, soyayyar shinkafa. Ba a jima ba cikinsa ya kumbura, gashi ya zube, zawo ya ƙi tsayawa. Kakata ta gan shi sau ɗaya, ta ce an raba shi da ganyensa, ba zai yi rai ba. Bai kuwa yi ba.

Ita kaka tun tana da ƙuruciya ta baro Nijar, amma cikinta bai taɓa zama ɗan Kumasi ba. Fura da nono mai tsami, koko, tuwon dawa da miyar kuka, a kansu ta tsufa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, aka ba ta magani mai ƙarfi a asibiti. Tari ya tafi, zawo ya zo. Likita ta ce mana a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke taya shi narkar da abinci, kuma abin da mutum ya saba ci shi ke raya su. Maganin ya kashe na kaka da yawa. Ta ce a mai da ita kan cimarta a hankali.

Kawu ya ji, ya watsar. A ganinsa abin kunya ne uwarsa ta fito asibiti tana shan furar bakin titin Akwatialine. Ya cika mata ɗaki da burodi, biskit, madarar gwangwani da lemon kwalba. Duk mai zuwa dubiya sai ya sa masa albarka. Har yau in na tuna albarkar nan raina ɓaci yake. Mahaifiyata ta yi magana, ya ce ba ta san gata ba.

Kaka ta rame har zobe ya daina zama a yatsanta. Wata safiya ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗana, ka tuna birinka?"

Ya girgiza kai. "Mma, wannan fa abincin kanti ne, babu datti."

Ba ta ƙara roƙonsa ba.

Ranar sadakar uku kawu ya aika Akwatialine aka sayo fura, ƙwarya ƙwarya, da nono mai tsami irin wanda take so. Kowa ya sha ya ƙoshi. Ni ban sha ba.