Zakari Baduku da Taswirar Lakwal

Kakata Maryam tana da wata jar gafaka a ƙarƙashin gadonta, a gidanmu na Birni, tsohuwar unguwar Zinder. Babu littafi a cikinta, kuma ta ce ba a taɓa sa mata ba. Mahaifinta Zakari ne ya ɗinka ta. Duk ranar da ta fito da ita don ta shafa mata mai, sai ta ba ni wani yanki na labarinsa. Ban riske shi ba, daga bakinta na tattara abin da zan faɗa.

A Garagumsa aka haife shi, gidan manoma gero. Shekarar da Nasara suka ɗauke mazaunin mulkinsu daga Zinder suka mai da Yamai, kumandan ya aika wa masu gari cewa a kawo yara lakwal, wato makarantar Nasara. Maigari bai ba da nasa ba. Ya dubi gidan da ba za a musa masa ba, ya ɗauki biyu: Usman mai shekara goma sha ɗaya, da ƙanensa Zakari mai tara. Gardi ya taso su a ƙafa, suka yada zango a Takieta, a rana ta uku suka hango duwatsun Zinder.

Lakwal ɗin gini biyu ne masu fuskantar juna, da fili a tsakani. A ɗaya akwai tebura da allo da wani mushe dogo, mutumin Dahomai, mai koyar da Faransanci da lissafi da labarin ƙasa. Ɗayan kuwa doguwar rumfa ce, inda ake koyon dukanci da sassaƙa da ƙira. Shekara huɗu yara suke yi tare a gaban mushe, sannan a raba su. Shida za su ci gaba da karatu har babbar lakwal ta Yamai, su fito mushe ko komi, wato akawu, a biron kumandan. Sauran su tsallaka fili zuwa rumfa. Kowa ya san kuma ba a ɗaukar biyu daga gida ɗaya.

Zakari ya zo yana kuka, amma bai yi wata uku ba ya daina, saboda wata taswira da ke rataye a bango. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, sai ga shi ana nuna masa wani shuɗin layi da ya taso daga yamma, ya hau arewa har bakin hamada, ya lanƙwaso ta Yamai, ya gangara ya faɗa cikin wani ruwa wanda mushe ya ce ba a ganin ƙarshensa. In an tashi tara, shi yakan tsaya yana bin layin da yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba. Mushe ya ce masa, "In ka je Yamai za ka gan shi da idonka, har ka wanke ƙafa."

Ranar rabo, darektan lakwal da kansa ya shigo, Bafaranshe mai jan gashin baki. Ya riƙa kiran yara yana miƙa musu sanda. Ya kira Usman, ya ce ya nuna inda kogin yake shiga teku. Usman ya ɗaga sanda ya ɗora ta a tsakiyar hamada. Aji ya fashe da dariya. Darekta ya karɓi sandar, ya miƙa wa wanda ke kusa, ya ce, "Kai, gyara wa wannan jakin."

Zakari ya karɓa. A gidansu ƙane ba ya sa hannu a akushi kafin wansa, ba ya tsallake ƙafarsa, balle ya gyara masa magana a gaban baƙo ana dariya. Ya tsaya da sanda a hannu, idonsa a ƙasa. Darekta ya ƙirga har goma, ya karɓe, ya miƙa wa wani yaro ɗan unguwar Zango.

Da aka tashi mushe ya tsare Zakari a bakin ƙofa.

"Zakari, sau nawa ka nuna mini wurin nan? Me ya kama bakinka?"

"Mushe, Yaya aka fara tambaya."

"To sai me? Yayanka ne zai ba ka abinci har ka mutu? Gobe da safe ka je wurin darekta, ka ce ka sani. Ni zan tsaya maka."

Ya je. Ya tsaya gindin tsamiyar da ke gaban biro har rana ta ɗaga, yana jujjuya maganar a ransa. Duk yadda ya shirya ta, sai ta fito da cewa shi ya sani, Yaya bai sani ba, kuma gurbin Yaya yake so ya ƙwace. Ya juya. Da yamma aka karanta sunaye, shi da Usman duka rumfa.

An ba Usman ƙira, shi kuma aka ba shi ga Baba Idirisu, wani tsohon baduku da aka ɗauko daga Birni, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Faransanci ba, bai kuma damu ya sani ba. Mazaunin Zakari yana kallon tagar aji. In mushe ya fara labarin ƙasa, hannunsa yakan tsaya.

"Kai ɗan Garagumsa," in ji Baba Idirisu, "idonka na can, basilla na nan. Yatsanka za ka ɗinke mini a jikin alaben mutane? In tekun kake so, ga kwatarniyar jima can, je ka faɗa."

Duk da haka hannun Zakari ya faɗa. Ya iya zaɓen fatar akuya tun tana majema, ya iya rina ta da karan dafi har ta yi ja wur. Aikinsa na farko da Baba Idirisu bai tsinka ya ce a sake ba shi ne gafakar nan. Ya auna ta da ido daidai girman littafin labarin ƙasa na mushe. Da tsohon ya rasu, shi aka zaunar a kan buzunsa. Shekara ashirin da shida yana koyar da dukanci a wannan rumfa, yana ganin yara shida shida suna hawa mota zuwa Yamai da akwatinsu a ka. Waɗansu shi ya ɗinka musu jaka.

Sau ɗaya taswirar ta tsallako fili. Gefenta ya yage, aka kawo masa ya yi mata baki da fata. Aikin yini ɗaya ne. Kakata ta ce kwana tara ta yi a wurinsa, kullum in an aiko sai ya ce rini bai bushe ba.

Usman kuwa ya koma Garagumsa ya buɗe maƙera, ya yi ƙiba, ya yi 'ya'ya. Yakan zo Zinder sayen ƙarfe ya sauka wurin ƙanensa, amma ba su taɓa ɗaga maganar ranar nan ba. Sai wata hantsi, dukansu sun yi furfura, suna zaune a zaure Zakari yana ɗinkin kube, kakata ta kawo musu fura ta tarar Usman yana dariyar jan gashin bakin darekta.

"Wai jaki! Ni da na fi shi sanin wurin."

Zakari ya ɗago kai. "Ka sani, Yaya?"

"Yo ba kai ka dame ni da shi ba, dare da rana? Gani na yi mutum ɗaya za su ɗauka a gidanmu, ni kuma ban ga abin da zan yi da Yamai ba. Na ce bari in kauce maka. Sai na ga ka tsaya kamar turmi. Na ce to, ashe yaron nan ma ba ya son tafiya."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Kai ka tambaye ni?"

Kakata ta ce ta ajiye ƙwarya amma ta kasa fita. Mahaifinta ya soke basilla a jikin fata. Can ya share yashin da ke gabansu da tafin hannu.

"To nuna mini."

Usman ya sa yatsa mai kaushin guduma, ya jawo layi daga yamma, ya hau da shi, ya lanƙwaso, ya gangaro, ya tsaya. Zakari ya sunkuya yana dubawa.

"Bai kai ba, Yaya. Da saura kaɗan."

Ya ɗora nasa yatsan a inda na wansa ya tsaya, ya ja layin a hankali har bakin tabarma.