Amin Ɗin Da Ya Raba Ni Da Irin Albasar Gidanmu

A lokacin da abin nan ya faru, ni manomin albasa ne a fadamar Augie, mai ji da kansa, domin albasar gidanmu ja ce mai yaji, takan yi watanni a rudu, wato rumbun ajiyarta, ba ta ruɓe ba. Irinta gado ne. Kowace shekara mukan ware manya mu sake dasawa, su yi fure mu sami iri, kamar yadda mahaifina ya koya mini.

Wata rana aka tara mu a Birnin Kebbi. Wani dillali mai farar jallabiya ya ce ana shirin ƙulla yarjejeniya da ƙasashen Larabawa, kaya su riƙa shiga da fita ba haraji. Ya ce Larabawa farar albasa suke ci, ga irinta nan ya kawo mana kyauta. Tun a nan hankalina bai kwanta ba. Na tambaye shi wa zai saya, sai ya juya harshe zuwa Larabci, jama'a kuwa suka ɗaga hannu suna amin, alhali babu wanda ya san abin da ya faɗa. Kunya ta hana ni sake tambaya, ni ma na shafa. Maiɗakina ta ce ita ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai kyauta ba, na ce ta bar maganar da ba ta sani ba.

Na cika gonata da irin dillalin, na kai albasar da na ware don iri kasuwar Argungu na sayar. Farar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma kullum dillali sai ya ce ba a gama sa hannu a yarjejeniyar ba, ita kuwa ba ta jure ajiya, ta fara zubar da ruwa a rudu. Abin da ya fi ci mini rai, da na cire iri daga jikinta na shuka, sai ta fito barkatai, wata ƙarama, wata ko kai babu. Na zaga har Gulma ina neman irinmu, duk wanda na samu a gauraye yake.

Ban ce ciniki da Larabawa laifi ne ba. Amma 'yan'uwana manoma, in an yi muku Larabci a kan ciniki, ku nemi fassara kafin ku ce amin, ku kuma bar ko fangali ɗaya na irin gida. Har yau albasata ba ta taɓa shiga jirgi ba. Irin farar nan dai yana sauka kowace shekara, kuma a shagon dillalin nan nake saye.