A Duba Masa

Tsakiyar damina ce, gero ya fara fidda kai. Shekarar ruwa ya yi yawa, sauro ma haka, kusan kowane gida a ƙauyenmu akwai mai kwance. Sai ka ji mutum yana murnar gona yana kuma tambayar ina ake samun magani.

Autata ce zazzaɓi ya kama. Da farko na ɗauka na kwana ɗaya ne. Ranar da nake faɗi, bayan la'asar, na taɓa wuyanta na ji kamar murfin tukunya, idanunta suna juyawa sama. Mahaifinta yana can wajen Magarya. Na kira babban ɗana, mai kabu-kabu, na ce ya fiddo moto, wato babur ɗinsa, mu tafi likita Dungas tun hadarin da ke gabas bai iso ba, don in ruwa ya sauka hanyarmu ba ta biyuwa.

Na goya ta na fito. Ya murɗa kontak, ya taka, shiru. Ya sake takawa har gumi ya jiƙa masa riga. Ya girgiza tanki, akwai isans, ba mai ne ya ƙare ba. Shi tuƙi ya iya, gyara kuwa sai kaɗan.

Ya kira maigarejin da yake kai wa moton a Dungas, ɗan wata ƙawata. To a gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a gindin bedin ƙofar gida, moton kuma yana zaure. Dole ni na tsaya can da salula, ina ji ina faɗa masa. Ni da ba a jin muryata daga madafi zuwa ɗaki.

"Inna, ki ce ya danna oda," in ji maigarejin.

Na faɗa. Odar ta yi wani ɗan kuka kamar na ɗan akuya mai mura.

"To ya cire buji, fulogin nan, ya jingina shi da jikin inji, ya taka. Yana ganin wuta?"

Babu wuta. Maigarejin ya sa aka duba fizibil, wato fis ɗin wuta, lafiyarsa lau. Yarinyar ta yi wata miƙa a bayana, na ji yatsunta sun ƙanƙame zanena. Iska ta fara kaɗa ganyen bedi.

"Ki ce ya duba masa."

"Ya duba masa me, ɗan nan?"

"Masa, Inna. Ya duba masa."

"Na ji. Wa za a duba wa? Me za a duba?"

Na yi zaton rezo ne ke cinye ƙarshen maganar. Na matsa gaba, na koma baya, ina ɗaga salular sama. Ɗana yana leƙowa daga zaure yana tambaya me aka ce.

"Ba wani mutum ba ne, Inna, ba kuma ta ci da miya ba," in ji maigarejin, yana ɗan dariya. Da ya ji numfashin yarinyar sai ya daina. Ya sassauta murya ya ce haka suke kiran wata koriyar waya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen moto, ƙarƙashin wurin zama. In ta saki ko ta yi tsatsa, wuta ba ta zagayawa.

Na je na maimaita wa ɗana daidai yadda na ji, kamar yadda muke bin malama a ajin yaƙi da jahilci. Ya ɗaga wurin zaman. Ga wayar nan tana lilo, bakinta ya yi ja da tsatsa, saboda ruwan da yake ratsawa kullum. Ya kankare da wuƙar yankan kuɓewata, ya ɗaure tam, ya mayar da buji. Ya ce bismillah ya taka, moton ya tashi.

Yayyafi ya same mu a hanya, na lulluɓe ta da mayafina. Har muka isa ina ta sa hannu ta baya ina taɓa ƙafarta. A likita suka ce da mun ƙara jinkiri da abin ya yi nauyi. Suka sa mata ƙarin ruwa.

Da gari ya waye ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Na ari kofi wurin matar da ke jinya a gadon kusa da mu, na fita bakin titi na sayo koko mai zafi, na zauna ina hura mata ina ba ta a hankali.